Icce Biyar

Na je Kwalkwalawa da fenti kala bakwai,
na dawo da uku ban ko buɗe su ba.
Wurin gumin shinkafa ba ya son launi mai ihu:
toka, jar ƙasa, farin tururi,
sai ɗan ja a gefen ido
inda hayaƙi ya saba sauka.

Ige ta ƙi zama.
Ta ce zaman hoto na wanda ya ƙoshi ne.
Dole na bi ta da fensir,
daga rijiya zuwa rabin duro,
daga duro zuwa shanya,
tana baza shinkafa da tafin ƙafa
kamar mai lallashin ƙasa.

Na zana fason dugaduginta ɗaya bayan ɗaya.
Na zana silifa da aka ɗaure da waya,
da bakin zane da wuta ta taɓa lasa,
da tabon nan a wuyan hannu,
mai siffar kunnen tukunya.
Can baya Tumba da dogon kara,
ita da awaki, shari'ar da ba ta ƙarewa.
Hajo na awo, leɓenta na motsi,
goyo ya zame har kwankwaso,
ba ta gyara ba don kada lissafi ya zube.

Wani mai shago a cikin gari
ya ja baya, ya karkata hula.
Ya ce, aiki ya yi,
amma share fason, ƙara mata murmushi,
ba mai rataya gajiya a falonsa.
Na naɗe abina.

Ranar da na mayar, rana ta take tsaka.
Na jingine shi a jikin buhu
zuciyata na dukan tara-tara.
Ige ta goge hannu, ta sunkuya,
ba ta ko kalli fuskar ba.

Ta ce, "Wa ya iza wutag ga?
Icce biyar ga tukunya guda!
Haka nan ko uwak kuɗi ba ta hita."
Tumba ta yi dariya har akuya ta samu sa'a.

Nan na durƙusa,
na kwaɓa toka-toka a murfin gwangwani,
na zare icce biyu daga murhun.
Wutar ta ragu. Hoton ya daina ƙarya.

Sai ta kai hannunta kusa da hannun da na zana,
tabo a gefen tabo.
Ta daɗe.
Tururi na wucewa tsakaninmu.

"Wanga kam nau ne," in ji ta.

Na tsaya jiran sauran magana.
Ta ɗaga ido ta auna rana,
ta ce, "Gusa, ɗiyata,
inuwarki ta hau mini shanya."