Gurjin Teku

Ubana Daeng Ngalle, ɗan tsibirin Barrang Lompo,
gaba ashirin yake nitsewa, tiyon iska a haƙora,
ya lalubo abin da ko kifi ba ya waiwaya:
baƙi, mai ƙuraje, kwance a yashi kamar yasasshen takalmi.
Ba ido, ba ƙaho, ba gudu.
In ka matsa masa, sai ya amayo hanjinsa ya bar maka,
ya ja jiki gefe ya tsiro wani.

Mu dai da tukunya muka san shi.
Inna ta tsaga, ta tafasa, ta ƙyafe da ɓawon kwakwa,
dillalin Makassar ya auna, ya loda wa jirgi.
Da kuɗinsa aka ɗinka mini kayan makaranta.
Da kuɗinsa aka kai Inna asibiti
shekarar da ƙullutu ya fito mata a maman hagu.
Bai isa ba.

Yau ni ce cikin farar riga, hawa na uku,
ina niƙa fatarsa, ina tacewa,
har ya rage ɗan garin da bai cika bakin farce ba.
Kaɗa shi a ruwa, ya yi kumfa kamar sabulu;
wannan ɗacin ne garkuwarsa a ƙasan teku.
Na ɗiga shi kan ƙwayoyin sankara a faranti.
Kwana biyu na leƙa madubi:
masu cunkoso jiya kamar kasuwar kifin Paotere
sun yamutse, sun saki juna.

Na kira Baba. Kunnensa ɗaya teku ta cinye,
sai na ɗaga murya.
Ya ce, “Bulaeng, an samu maganin ke nan?”
Na ce tukuna. Faranti ba mutum ba ne.
Akwai ɓeraye a gaba, akwai shekaru,
kuma sandar da ta doki ɓarawo
na ga tana taɓa mai gida:
lafiyayyen jini ma tana fasa shi.

Ya yi shiru. Ina jiyo injin kwalekwale.
“To ku hanzarta,” in ji shi.
“Da a bakin gaɓa muke tsinta,
yanzu sai mun kwana tara a ruwa.”

Na ajiye wayar.
A tankin da ke lungu,
wanda ya zubar da cikinsa watan jiya
ya soma cin yashi.