Makon Jirgin Ruwa

Tafkin Superior ya daskare tun Janairu.
Jiragen tama sun kwanta a tashar Duluth
kamar shanun da suka ƙoshi,
ni ma an ce in je gida, sai ƙanƙara ta saki ruwa.

Maren ta fita aikin asibiti tun da duhu,
ta bar min takarda a ƙofar firji
da rubutunta mai karkata:
wannan makon na jirgin ruwa ne,
kar ka ba ta alewa kafin sha biyu,
almakashin mai jan hannu ne nata.

Signe, shekara uku da wata biyu,
ita ce shugabar makarantar.
Ni masinja ne, mai share gam daga tebur.

Litinin muka yanka kwalin ƙwai gida biyu.
Hannun nan da ya saba da igiya mai kaurin cinya
ya kasa riƙe tsinken sakace.
Ta dube ni, ta girgiza kai,
irin kallon da kyaftin ke wa sabon yaro.
Fenti shuɗi ya hau kwali, ya hau kujera,
ya hau wutsiyar kyanwa,
kaɗan ne ya dawo cikin kwalba.

Talata ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, takwas.
Na ce huɗu fa?
Ta ce huɗu ya tafi aiki.

Laraba Otis na maƙwabta ya zo da majinarsa,
ya lashi gam, ya ce babu daɗi, ya sake lasa.
Na yanka tuffa gida huɗu, kowanne kwale-kwale,
na soka cuku a tsinke ya zama tuta,
zabibi su ne ma'aikatan jirgi.
Otis ya haɗiye jirginsa da mutanen ciki,
ko ta'aziyya babu.
Signe kuwa sai da ta raɗa wa kowa suna:
wannan mai dafa abinci, wannan mai barci,
wannan mai gemu kai ne.
Ta cinye mai dafa abinci, ta cinye mai barci.
Ni ta dunƙule ni a tafin hannu
har barcin rana ya ɗauke ta,
na ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya
na same ni a ciki, na yi laushi, na yi ɗumi.

Alhamis ba mu yi komai ba.
Ta yi rigima a kan safa,
na ƙone biredi, muka kalli dusar ƙanƙara ta taga
tana binne motar Otis ta roba.

Juma'a ranar sakin jirgi.
Na tara ruwa a baho, na naɗe hannun riga,
na yi mata ƙarar ƙahon tashi da bakina,
dogo ɗaya, gajeru biyu.
Ta rungume kwalin ta ce a'a.
Na ce ai don ruwa aka yi shi.
Ta ce a'a,
ta juya min ƙeya, ta fice da abinta.
Na bar ta. Wanda ya yi jirgi shi ke da tasha.

Da dare Maren ta buɗe gidan ƙanƙara na firji
tana neman wake,
sai na ji ta kira sunana a hankali: Leif, zo.
Kwanon miya ne cike da ruwa, ya daskare.
A tsakiya jirgin kwali, ya ɗan karkata,
shuɗin fentin ya tsiyaye cikin ƙanƙarar,
zabibi guda a zaune a gaba.

Muka tsaya, sanyi na dukan ƙafafunmu.
Saura mako bakwai a buɗe tafki.
Maren ta ɗauki waken,
ta gyara wa kwanon zama,
ta rufe.