Ƙidayar Kututture

Littafin kamfani ya ce arba'in aka sare.
Ni kuwa na zo Nimbiya da takalmin roba da igiyar awo,
don takarda ba ta da ƙafa, ba ta shiga daji.

Baba Didam ne a gaba, mai gadin gandu,
adda a kafaɗa, magana ƙwaya-ƙwaya.
Inda ya tsaya nake tsayawa.
Kututture na fari maɗaci ne, ga jan fenti, ga lamba.
Na goma kawo.
Na duƙa na ƙirga zoben shekarunsa,
ya girmi ubana da damina tara.

Har arba'in lissafi bai yi gardama ba.

Sai tsohon ya ratse, ya gangara rafi,
wai zai wanke fuska.
Na bi shi.
Ƙarƙashin ganyen da hannu ya tula, ba iska ba,
kututture bakwai, ba fenti, ba suna,
ɗanyen ƙaro na tsattsafowa.
Ƙa'idarmu ta ce taku talatin daga bakin ruwa
zarto ba shi da hurumi.
Na auna: taku shida.

Bai ce mini duba ba. Fuskarsa kawai ya wanke.

Da la'asar, a rumfar injin katako,
Alhaji Barau ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi
da wata ambulan da ta fi wasiƙa ƙiba.
Ya ce masu saye a ƙetare hatimi kawai suke jira,
ya ce baki sittin ke ci a nan.
Bai yi ƙarya ba, na ga yara suna kwasar garin katako.
Ya nuna mini dashen bara, layi-layi,
sun kuwa kama, ban tauye shi ba:
ɗari uku da sha biyu, rayayyu, na rubuta.

Bakwai ɗin ma na rubuta.
Lemon na sha. Ambulan na bar ta a benci.

Wata shida na ba su:
a dasa bakin rafi, a gyara littafi,
in dawo bayan kaka.

A motar Kafanchan hatimin na cikin jaka, busasshe,
yana dukan gwiwata duk ramin da muka faɗa.
Ƙaron maɗaci bai bar yatsana ba
har Kaduna.