Bututun Anselmo

Shekara ashirin da bakwai ina shara
a gidan madubai, can ƙololuwar Atakama,
inda iska ba ta cika huhu,
inda hadari kan manta hanya.
Ni Harminiya, 'yar Tokonawo,
ni ke goge ƙasan da masana ke takawa.

Daga nesa suke zuwa, da harsuna iri-iri,
su kwana zaune gaban allo,
gahawa na hucewa a gefe,
lambobi na bin juna kamar tururuwa.
Wata rana na tambayi wani mai jan gemu:
ta ina ake sa ido?
Ya yi dariya har da dafa bango.
Iya, ba a sa ido a nan, na'ura ke gani.
Na koma kan tsummana.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Da gwiwa ta ce ta gaji, na sauko gida.
Maƙwabcina Anselmo,
wanda ramin tagulla ya cinye wa ƙirji,
damina babu, rani biyu yana niƙan gilashi
a kan wata tsohuwar ganga,
har yara suka ce ya zautu.
Ya cusa shi a bututun kwata,
ya ɗaure da wayar keke.
Ran da ya gama ya buga min ƙofa:
ɗauko bargo, ki taho.

Bayan hasumiyar coci, gindin ɓaure,
sanyi na cizon kunne.
Na sunkuya.

Ashe wata ba fari ba ne.
Toka ne, da ramuka, rami cikin rami,
kamar filin gishirinmu in an dube shi daga tudu.
Inuwar duwatsu ta miƙe doguwa
a bakin inda haske ya ƙare.
Na ce: wannan wuri bai taɓa ganin tsintsiya ba.
Anselmo ya yi dariya, dariya ta zama tari,
muka jira tarin ya wuce.

Ya juya bututu. Mushtari.
Uwa ce mai ɗamara biyu,
'ya'ya huɗu a layi, uku dama, ɗaya hagu.
Washegari na ƙirga, saura uku.
Ina na huɗun?
Ya ɓuya bayanta, in ji shi, zai fito.
Na tuna Farmin, autana,
da ya tafi Antofagasta neman aikin jirgin ruwa.
Ban ce komai ba. Na gyara bargo.

Zuhal kuwa, rantsuwa na yi
cewa hoto ya manna min.
Na zagaya, na leƙa bakin bututun, na shafa.
Ba komai sai duhu da sanyin ƙarfe.
Na dawo: yana nan,
ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa,
sanye da zobe da ya fi ƙarfin yatsansa,
ya karkata kamar hular mai shirin rawa.
Kafin in ƙoshi ya sulale gefe.
Yana gudu! na ce.
Ba shi ba ne, in ji Anselmo. Mu ne.
Na dafa ɓauren.
Shekara sittin da takwas, ban taɓa jin ƙasa na tafiya ba
sai daren nan.

Bara tarin ya yi nasara.
Ya bar min bututun da wasiyya guda:
komai ƙurar da ta hau madubin, kada ki goge,
hannu ya fi ƙura ɓarna.

Ni da na goge rabin dutse!
Kullum in na buɗe murfin, yatsuna kan yi ƙaiƙayi.
In maida su cikin bargo,
in sunkuya.
Jiya huɗu na ƙirga.