Sanda da Ƙwai

Tun da gwiwata ta ƙi ni,
benci ya zama gonata.
Biro guda, littafi mai bangon kore,
filin siminti a bayan Ƙofar Ƙaura,
inda ragar kwando ta yage gefe ɗaya,
har yau ana cewa gobe za a ɗinke.

Aikina bai da yawa.
In ƙwallo ta shiga, in ja sanda.
In ta daki ƙarfe ta dawo, in zana ƙwai.

Mannir na jama'a ne.
Ya yi tsalle, yara su ɓarke da ihu,
mai rake ya manta da canji.
Ran Asabar maki sha takwas ya ci,
aka kai shi bakin titi a kafaɗa.
Ni ina zaune ina ƙirga:
jifa ashirin da biyar, takwas suka shiga.
Sauran sha bakwai fa?
Daga ni sai allon katako muka san zancensu.

Sada ba a rera sunansa.
Sau tara ya ɗaga hannu, shida suka faɗa,
biyu daga bayan dogon layi,
su kuwa ɗaya da rabi nake ba su,
don nesa ma tana da farashinta.
Bakwai cikin tara ke nan.
Ya ɗaure takalmi a sitiyarin keke ya wuce.

Inna ta shekara talatin tana awon gero.
Ita ke cewa, in manomi ya yi maka kurin dami,
tambaye shi tiya nawa ya zuba a ƙasa.

Da wannan na tari Mannir,
na buɗe masa shafi kamar mai bin bashi.
Ya daɗe yana kallo, gumi na ɗiga kan tawada.
Ya ce, "Tanimu, lissafinka daidai ne.
Amma biyar cikin ƙwan nan,
lokaci ya ƙare, kowa na gudun ƙwallo kamar garwashi,
har Sadan naka, ni ya miƙo ma.
Ina gidan da ka rubuta wannan?"

Na duba. Gida biyu gare ni kacal.

Ya miƙo littafin ya ƙara da cewa,
"Kai kam shafinka fes, ko ƙwai ɗaya."

Aka kira magariba, fili ya watse.
Saura ni da ƙwallon da ta fara saɓa.
Na ɗingisa zuwa layi,
na buga ta ƙasa sau uku kamar da,
na saki.

Ƙarfe ya yi ƙara, har wani akuya ya waiwayo.

Na koma benci, hasken ya rage kaɗan,
na rubuta sunana a ƙasan na Sada,
na zana ƙwai a gabansa,
babba, mai kyau.