Ashirin da Shida

Bironmu a Filato yake, hawa na biyu,
tagoginsa na gilashi sun fuskanci yamma,
sai ka ce maginin bai taɓa wuni a Yamai
cikin watan Afirilu ba.

Ni ne mai lissafin gidan.
Takardar kuran a teburina take sauka,
in buɗe ta a hankali
kamar mai ɗaga dutsen da kunama ke ƙarƙashi.

Arzika na bakin taga.
Daga azahar rana ke hawa bayansa,
rigarsa ta manne, gishiri ya zana mata iyaka.
Shi sha takwas yake so.
Ya ce, in ba haka ba, a kai shi Katako
a aza shi kan garwashin masu tsire, ya huta.

Sahiya kuwa ƙarƙashin na'urar take,
sanyin na zuba a wuyanta kamar indararo.
Mayafi biyu, safa, shayin citta,
tana atishawa a tsakiyar bazara.
Ɗaki ɗaya, damuwa biyu,
taku bakwai ne tsakaninsu, na ƙirga.

Kullum hannu na bin hannu kan maɓalli,
wannan ya sauke, waccan ta ɗaga,
mita a bango tana gudunta,
ba ta san sunan kowa ba.

Ran Talata aka ɗauke kuran.
Injin tsakar gida ya yi tari sau uku, ya yi shiru,
ba mai a cikinsa, ni na hana kuɗin.
Muka sauko muna fifita da fayil,
muka tarar da Nomau mai gadi
zaune gindin bedi, ya yayyafa ruwa a ƙasa,
randarsa lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.
Ya miƙo moɗa. Haƙorana suka amsa.
Bai ce komai ba, bai ma dube mu ba,
rediyonsa yake gyarawa.

Na tuna ɗakin kakata a Tawa,
bango mai kaurin kamu guda,
ƙofa ƙarama, taga kamar idon allura,
inda tsakar rana kan kwanta ta yi barci.

Washegari muka ja tebura.
Arzika ya koma inda sanyin ke zuba,
Sahiya ta matsa kusurwa, ta naɗe mayafi ɗaya.
Jika huɗu na biya aka rataya asabari
ta wajen gilashin, rana ta tsaya a can.
Fanka ta sama, da muka manta da ita, ta juya.
Muka tsai da lamba: ashirin da shida.
Mai fita ƙarshe shi ke kashewa.

Ba wanda ya yi guɗa.
Arzika har yau yana gunaguni,
in na fita salla ya kan saci maki biyu,
ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Takardar wannan wata ta zo.
Kunamar na nan,
amma ta rame.