Minti Goma Sha Biyu

A gidan tsofaffi na Rotterdam, hawa na uku,
takardar hukuma ta ba ni minti goma sha biyu
a kowane ɗaki: wanka, magani, gyaran gado.
Ba ta ware ko ɗaya na saurare ba.

Ɗaki na huɗu, Nurettin.
Shekara talatin da takwas yana walda a tashar jiragen ruwa,
Holanci ya zauna daram a bakinsa.
Bana mantuwa ta shigo ta kwashe shi tas,
ta bar masa Turkancin ƙauyensu.
Yana kirana da sunan ƙanwarsa.
Ina amsawa. Me zai rage ni?

Ɗaki na bakwai, Soemiati 'yar Suriname
ta ture dakakken dankali,
ta ce cikinta bai san shi ba.
Shinkafa take so, da yaji mai sa hawaye.
Manaja ya ce kasafi tukunya ɗaya ya sani.

Gerrit, ɗan gari, da can ba ya gaida baƙo,
yau shi ke tura keken Nurettin zuwa taga.
Babu mai jin maganar wani.
Da yatsa suke ƙirga jiragen dakon kaya,
in lissafi ya saɓa a kaure da musu,
kowa da harshensa.

Agogona ya yi ƙara.
Nurettin bai saki hannuna ba.
A rahoton yamma na rubuta: "An gama kan lokaci."
Shinkafar tana cikin jakata,
da sauran ɗuminta.